Wai fulawar da amarya ke riƙewa me take cewa ne?

Watan jiya muka yi bikin 'yar yayata, kuma tun daga lokacin akwai wani abu da ya tsaya min a rai ya ƙi wucewa, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta ko na ji sanyi. Ranar dina an gama yi wa amarya kwalliya ta fito tubarkallah masha Allah, sai ga wata yarinya cikin masu dekoreshan ta taho da sauri ta cusa mata damin fulawa a hannu, farare da masu ruwan hoda, an ɗaure gindinsu da ribom mai ƙyalli. Aka sha hotuna, aka yi liƙi, aka ci aka sha. Wajen sha ɗayan dare muna tattara kaya za mu wuce sai ga yarinyar nan ta dawo tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya wai ina fulawarsu, uwar ɗakinta ta ce kar ta kuskura ta dawo babu ita don gobe ma suna da wani bikin. Ni na karɓo ta daga hannun ƙawar amarya zan miƙa mata, a nan ne hannuna ya gaya min roba ce, har da busasshen gam a jiki, gefen ganyen kuma duk ya yi daƙal-daƙal da hodar hannayen amaren da suka riƙe ta kafin tamu.

Bayan kwana biyu da muka je buɗar kai na ja amaryar gefe na ce 'yata, wai fulawar nan da kika riƙe me take nufi ne? Ta yi murmushi ta ce Anti ai haka ake yi yanzu, hannu ba ya kyau a hoto in ba a riƙe komai ba. Wallahi ban ga laifinta ba, don amsar da ni ma zan bayar kenan da a ce a shekarunta nake, amma dai amsar ta dame ni. Rana mafi girma a rayuwar yarinya, abin da ke tsakiyar duk wani hoto da za ta nuna wa jikokinta, kuma babu mutum ɗaya a zauren nan, daga ita har mu iyayenta, da zai iya cewa ga abin da yake nufi.

Kafin wani ya ɗauka wa'azi zan yi, ba maganar halal da haram na zo da ita ba, wannan na malamai ne kuma na bar musu. Ni dai abin da na sani shi ne fure da ƙamshi ba baƙinmu ba ne. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin da Annabi (SAW) ya ce wanda aka miƙo wa raihani kada ya mayar, domin ba shi da nauyin ɗauka kuma yana da daɗin ƙamshi. A Bukhari kuma ya kira Hasan da Husaini raihanansa guda biyu na duniya. Mu kanmu muna raɗa wa 'ya'yanmu Raihana da Yasmin, duk sunayen tsirrai masu ƙamshi ne. Saboda haka don amarya ta riƙe fure ni bai tayar min da hankali ba ko kaɗan. Abin da ya tayar min da hankali shi ne mun ɗauko ƙwaryar mun baro furar a can.

In ka shiga intanet ka tambayi ma'anar furanni za a zubo maka jeri kamar kalandar masallaci, jan wardi soyayya, fari tsarki, wancan biyayya, wancan haihuwa, kuma 'yan matanmu suna kwafowa suna yaɗawa kamar wani saukakken abu. To ba saukakke ba ne, 'yan kasuwar littafi ne suka tsara. Asalin yayin daga wata Baturiyar Ingila ne mai suna Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Istanbul, wadda a wajen 1718 ta rubuta wasiƙa gida tana ba da labarin yadda masoya a Turkiyya ke aika wa juna saƙo ba tare da alƙalami ba. Abin da zai ba ku mamaki, saƙon ba fure kaɗai ba ne, akwai kanumfari a ciki, akwai kirfa, da sabulu, da gawayi, da barkono, har da silin gashi, kuma ma'anar ba daga kamannin abin ake ciro ta ba, baitin waƙa ake nema wanda ƙarshensa ya yi amsa-amo da sunan abin a Turkanci, wato dai wasan harshe ne irin na masu ƙafiya. Turawa suka ji daɗin labarin, suka watsar da gawayin da sabulun suka riƙe furen. A 1819 aka buga wani littafi a Faris mai jera ma'anar kowane fure, ya samu kasuwa, daga nan kowa ya shiga buga nasa a Ingila da Amurka, wannan ya kwafi wancan ya ƙara nasa gishirin, har ya zama fure ɗaya sai ka same shi da ma'ana biyu masu karo da juna. Rawayan wardi a tsofaffin littattafan nan kishi yake nufi da cin amana, yau kuma masu shagon fure cewa suke abota yake nufi, don ai ba wanda zai sayi furen cin amana ya kai wa budurwarsa.

Kuma ko a tsakanin su masu abin ba baki ɗaya suke ba. Furen kirisantemom da za ka gani ka ce kai wannan ya dace da amarya, a Faransa da Italiya na maƙabarta ne, shi ake kai wa kaburbura a farkon watan Nuwamba, in ka kai wa matar gida shi a matsayin tsaraba ka yi ɓaranɓarama. A Rasha in za ka ba mai rai fure sai ka ƙirga ya zama mara, uku ko biyar ko bakwai, don cika ta mamaci ce. Farin da ake cewa launin amarya ne, a Chaina da Indiya launin makoki ne a al'adance, amaryarsu ja take sawa. A Indiya ma ba dami amarya ke runguma ba, sarƙar fure ango da amarya ke rataya wa juna a wuya a gaban dangi. To in haka ne wace ma'ana ce a jikin furen shi kansa? Babu. Mutane ne ke sa masa, kuma ba jerin intanet ke sa masa ba, abin da ya faru da su ne ke sa masa.

Bari in ba ku misalin da ya fi taɓa ni, daga gidan sarautar Ingila, tunda dai daga can muka kwaso farar rigar da fulawar duka. Sarauniya Victoria ta auri Albert ranar 10 ga Fabrairu 1840 cikin farar riga da kambin furen lemo a kanta, ba ita ta fara sa fari ba amma daga kanta ne abin ya zama yayi har ya iso mana Kano da Zariya. Bayan shekara biyar, a 1845, ta kai ziyara garin Gota a Jamus wajen dangin mijinta, sai kakar Albert ta ba ta ɗan ƙunshin fure, a ciki akwai reshen wata 'yar bishiya mai ƙamshi da Turawa ke ce wa matil. Ba ta bari ya bushe a kan tebur ba, aka dasa shi a gidansu na Osborne da ke tsibirin Wight. A 1858 da babbar 'yarta za ta yi aure aka sa mata reshen matil a cikin furenta, kuma daga nan abin ya zama gado, Elizabeth da ta zama sarauniya daga baya ta riƙe a 1947, Diana a 1981, Catherine a 2011, Meghan a 2018. Ku duba fa, kyautar tsohuwa ga matar jikanta, ɗan reshen da ko a ƙasa ka gan shi ba za ka sunkuya ba, amma yau shekara sama da 170 ana tunawa da ita a duk bikin gidan. Wani abin sha'awa ma, malaman Larabci sun ce mutanen Magrib wannan bishiyar ce suke kira raihani, su kuma mutanen Iraƙi da Sham abin da muke ce wa ɗoɗɗoya suke nufi da sunan.

Sai kuma na 1923, wanda in na tuna shi sai idona ya kawo ruwa. Elizabeth Bowes-Lyon, wadda daga baya ta haifi Sarauniya Elizabeth ta biyu, tana shiga cocin Westminster za a ɗaura mata aure sai ta tsaya ta ajiye furenta a kan kabarin sojan da ba a san sunansa ba, wanda aka binne a wurin don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko. Yayanta Fergus ya mutu a fagen yaƙin Loos da ke Faransa a 1915. Yarinya a ranar farin cikinta ta tuna da ɗan'uwanta da bai ga ranar ba, ta ƙarasa gaban jama'a hannunta wayam. Har yau amaren gidan suna aika furensu kan kabarin nan bayan an gama biki. Catherine kuma a cikin nata ta sa wani fure mai ɗauke da sunan William, sunan angonta. Na Meghan akwai wani ɗan fure wanda fassarar sunansa ita ce kar-ki-manta-da-ni, an sa shi ne don shi ne wanda marigayiya Diana, uwar ango, take so, kuma angon da kansa ya tsinko wasu daga lambun gidansu ana gobe biki. Ba wai ina yabon gidan sarautar Ingila ba ne, mun san abin da suka yi mana a 1903 kuma ba mu manta ba. Abin da nake nunawa shi ne a kowane ɗaya cikin waɗannan akwai mutum a bayan furen, kaka ko wa ko uwa ko miji. A bayan robar da muka mayar wa mai dekoreshan wa ke akwai?

Wani abu da ya fi robar ma ci min rai shi ne jifan fulawa da na ga an fara shigo mana da shi wajen dina. Mai gabatarwa ya ɗauki makirfo ya ce duk 'yan matan da ba su da aure su fito fili, amarya ta juya baya ta wurga, wadda ta cafe wai ita ce ta gaba. Na taɓa zama kusa da wata baiwar Allah a wani biki, ta haura talatin, mai hankali mai sana'arta, ana wannan kiran sai matan teburinmu suka shiga zungurarta suna ke tashi mana ko Allah zai sa ki dace, tana murmushin yaƙe tana cewa a'a, ni kuwa ina ganin yadda hannunta ke rawa a kan jakarta. A garin da mace in ta wuce ashirin da biyar ba aure kowa sai ya tambaye ta yaushe za mu sha biki, daga 'yan'uwa har maƙwabta har mai kayan miya, shi ne za mu ƙara fito da ita tsakar fili a gaban kyamara tana tsalle tana wawason roba, gobe kuma a sa bidiyon a TikTok mutane suna dariya? Aure nufin Allah ne, mu muke faɗa da bakinmu kullum. Wannan kam ko da furen gaske ne daga aljannar duniya aka tsinko shi ni ban yarda da shi ba, a daina kawai.

Na san wata za ta ce to Anti ai sai a sayi na gaske. Masu hali suna saya, ana kawowa daga Jos inda sanyi ke barin wardi ya yi, wasu kuma daga waje ake sauko musu da shi ta jirgi. Amma ku san hanyar da wardin kasuwa ke bi. Mafi yawan wanda Afirka ke fitarwa daga Kenya yake, musamman gonakin da ke kewaye da tafkin Naivasha, sai Habasha, ana yanke shi a sa a ɗakin sanyi, a loda a jirgi daga Nairobi, da yawansa ya sauka Holan a babbar kasuwar gwanjon fure ta Aalsmeer kafin ya watsu duniya. Fure ne da aka raina don ya jure tafiya, shi ya sa sau da yawa in ka kai hanci ba ka jin komai. Ka kawo shi Kano a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kafin a gama hotuna ya sunkuyar da kai. Kuɗin da aka zuba a kansa kuwa zai yi wa amarya buhun shinkafa a gararta. Kuma bayan duk wannan, in aka tambaye ta me yake nufi, amsar dai ita ce ta 'yar yayata. Tsada ba ta sa wa abu ma'ana, illa dai a ce wance ta kashe kuɗi.

Akwai kuma masu cewa a watsar da abin gaba ɗaya tunda na Turawa ne, kayan aro ba ya rufe katara. Ina ganin girmansu amma ban bi su duka ba, saboda in muka ce duk abin da ya zo daga waje a fitar da shi daga bikin Bahaushe to wallahi sai zauren ya koma fayau. Goro fa? Ba ya fita a ƙasar Hausa. Kakanninmu fatake ne suka riƙa taka sayyada wata da watanni zuwa Gwanja, kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, suna ɗauko shi a kan jakuna daga dazukan Asante. Amma yau wa zai ce goro ba namu ba ne? Da shi ake neman aure, da shi ake gayyata, shi ake rabawa in an shafa fatiha, har kyautar da ba ta goro ba ma sunanta goro. Atamfar da ake ƙirgawa a lefe ana cewa Holan ce, ai sunanta ma ya faɗi garinsu. Shaddar Getzner da ango ke taƙama da ita daga Ostiriya take. Dilka da halawa daga Sudan suka zo mana, humra da turaren wuta mun koya wajen 'yan'uwanmu na Barno. Duk aro ne, amma mun zauna da su mun ba su aiki, mun san wa ke bayarwa, wa ke karɓa, yaushe, kuma in babu su me za a ce. Fulawa ce kawai ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa shekara da shekaru ba wanda ya tambaye ta daga ina, ba wanda ya ba ta wurin zama.

Alhali kuwa muna da tsiron aure namu, lalle. Duk wadda ta tashi a gidan da ake biki irin na da ta san amarya ba ta zama amarya sai an kama ta an sa ta a lalle, tana kuka ƙawaye na waƙa, tsofaffi na kwaɓa shi a ƙwarya, a ƙunsa mata a ƙafa, hannu kuma a zura a zunguru. Har ango ma a da yana shiga lalle. Ja ɗin nan da ke hannunta shi ke gaya wa duk wanda ya gan ta cewa wannan ta canza matsayi, kuma yana bin ta har ɗakin miji ya yi makonni yana kodewa a hankali, ba wanda zai zo sha ɗayan dare ya ce a dawo masa da shi. Abin da yawancin yaran yanzu ba su sani ba, don a leda suke ganin garinsa a kasuwa, shi ne lalle yana fure. Ƙananan furanni ne farare masu ɗan ruwan madara, cunkus a kan reshe, kuma ƙamshinsu in iskar yamma ta kaɗo ya fi na duk wani wardin jirgi da na taɓa shinshinawa. A tsakar gidan kakata Inna akwai bishiyarsa kusa da rijiya, daga jikinta aka tsinki ganyen da aka ƙunsa wa mahaifiyata da duk ƙannenta, Inna da kanta take shanya shi ta daka.

To me zai hana in dai amarya sai ta riƙe wani abu, ta riƙe irin wannan? Reshen lalle mai fure daga gidan da ta tashi, a haɗa da ɗoɗɗoya daga tukunyar da mahaifiyarta ke ba ruwa, in ana son ƙarin kyau a sa wardin Jos ɗin a kewaye ba laifi, kuma ya zama uwa ko gwaggo ko kaka ce za ta ɗaure shi ta miƙa mata da addu'a, ba 'yar aikin mai dekoreshan ba. Marainiya ta sa abin da mahaifinta ya shuka. Wadda za a kai nisa, Legas ko Yamai ko Jidda, ta tafi da reshen ta dasa a can, don lalle yana kamawa daga reshe in an kula da shi. Masu dekoreshan ma ba asara za su yi ba, su ne za su iya tsara shi ya yi kyau a hoto, sai dai su fara tambayar uwar amarya abin da ke tsakar gidanta kafin su tambaye ta kalar ashobi.

Bishiyar Inna dai babu ita yanzu, da aka raba gado aka sare ta aka yi shago a wurin, ina makaranta lokacin ban ma sani ba sai da na dawo hutu na tarar da siminti. Amma maƙwabciyarta da ta taɓa karɓar reshe a wajenta tata tana nan da rai, satin da ya wuce na je na gaishe ta na roƙi reshe biyu, tsohuwar har da hawayenta da na faɗa mata dalili. Na dasa su a bokitin fenti a bayan kicin, ɗaya ya bushe, ɗayan ya fara fitar da 'yan ganye. 'Yata ta fari shekararta 14, ita na ɗora wa ba shi ruwa kullum da safe kafin ta tafi makaranta.